Ƙashin katun: yadda ake ɗaura wa zane gaɓoɓi kafin ya motsa a talabijin

A Ƙofar Marke, ɗaya daga cikin tsoffin ƙofofin birnin Sakkwato, yaron da ya karɓi wayar yayansa bayan sallar isha'i yakan kalli katun ne da aka zana a Amurka ko Japan ko Indiya. Halittun da ke ciki suna gudu, suna ɗaga gira, suna murguɗa baki, amma da wuya a ga ɗaya sanye da babbar riga ko rawani. Dalilan haka suna da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu sana'a ce da mai kallo ba ya ganinta ko kaɗan, wato ɗaura ƙashi. Masu aikin suna kiranta rigin.

Ɗaura ƙashi shi ne gina wa zanen mutum ko dabba ko wani kayan aiki ƙasusuwa da gaɓoɓi a cikin kwamfuta, sannan a maƙala musu mariƙai waɗanda mai motsa zane zai riƙa ja. Mai ƙira yana gama siffar jiki ya miƙa ta a sandare, hannuwa a buɗe kamar mutum-mutumin korar tsuntsaye a gona. Mai ɗaura ƙashi ne ke mayar da ita abin da zai iya durƙusawa ya gaishe da babba. Daga hannunsa take wucewa ga masu motsawa.

Lissafi ne ya haifi sana'ar. Talabijin a Najeriya da Nijar na nuna hoto 25 a kowace daƙiƙa, don haka shiri mai tsawon minti 11 yana cin hoto 16,500. Babu kamfanin da zai zana wannan adadi da hannu kowane mako ya tsira da jarinsa. Tun ƙarshen shekarun 1950 kamfanin Hanna-Barbera na Amurka ya rungumi dabarar raba jiki gida-gida, a bar gangar jiki a tsaye a riƙa sauya kai da baki kawai. Shi ya sa aka ɗaura wa Yogi Bear kwala da nakatayi alhali ba shi da riga: kwalar ce ke ɓoye wurin da kai ya rabu da jiki. Ɗaura ƙashi na zamani jikan wannan tsimi ne. A gina halitta sau ɗaya, a yi ta amfani da ita shekara da shekaru.

Yadda ƙashin yake aiki

Ƙasusuwan suna bin juna ne kamar zuriya. Ƙugu shi ne tushe, gadon baya na binsa, kafaɗa na bin gadon baya, sai damtse, sai gwiwar hannu, sai yatsu. In aka juya kafaɗa, duk abin da ke ƙarƙashinta ya bi. Wannan hanya, da ake taƙaita sunanta da FK, ta dace da hannun da ke lilo a iska, kamar na mai tafiya kasuwa. Amma mutumin da ya dafa ƙasa zai miƙe, ko mai riƙe da akalar raƙumi, tafin hannunsa ne ya kamata ya tsaya wuri guda, sauran gaɓoɓin su nemi yadda za su yi. Nan ake komawa ga hanya ta biyu, IK, inda ake jan ƙarshen gaɓa, kwamfuta ta lissafa inda gwiwa za ta lanƙwasa. Ƙafar da ba a yi mata wannan ba sai a ga tana sulɓi a ƙasa kamar mai tafiya kan santsi. Ƙwararren mai ɗaura ƙashi yakan saka duka biyun, da makunnin sauyawa tsakaninsu.

Bayan ƙashi sai fata. Jikin halittar kwamfuta raga ce ta dubban ɗigo, kuma dole a faɗa wa kowane ɗigo ƙashin da zai bi da gwargwadon yadda zai bi shi. Ɗigon da ke tsakiyar damtse na bin ƙashi ɗaya ɗungurungum, na kan gwiwar hannu kuwa ana raba shi tsakanin biyu. Ana yin wannan rabo ne da wani abu mai kama da shafa fenti, kuma shi ne ɓangaren da ya fi cin rai. In an yi sakaci, wuyan hannu yakan murɗe ya tsuke kamar takardar alewa, ko hammata ta lotsa idan an ɗaga hannu. Duk badukun Sakkwato da ya taɓa ɗinka sirdi ko takalmi da jar fatar akuya ya san matsalar: fata ba ta lanƙwasa daidai sai an bar mata wuri.

Fuska kuma aiki ce mai zaman kanta. Akan sassaƙa siffofi daban-daban na fuska ɗaya, murmushi, ɗaure fuska, ƙifta ido, a ba kowace mariƙinta, a riƙa cakuɗa su. Da yawa daga masu aikin suna dogara da tsarin da Paul Ekman da Wallace Friesen suka wallafa a 1978, wanda ya rarraba motsin fuskar ɗan Adam bisa tsokar da ke yin sa. Woody na fim ɗin Toy Story na 1995 yana da mariƙai sama da 700, fiye da 200 daga ciki a fuska kawai. Shirin talabijin ba ya buƙatar ko kusa da haka, domin abin da yake nema shi ne ƙashi mara nauyi da ba ya karyewa a hannun mutum goma da ke sauri.

A katun mai shafi ɗaya, irin wanda ake yi da manhajar Toon Boom Harmony ko Moho ko Adobe Animate, ana yanka zanen ne gunduwa-gunduwa a haɗa da ƙusoshi, a tanadi hannuwa da bakuna iri-iri da za a riƙa musanyawa. Mai kauri uku kuwa, Maya ta kamfanin Autodesk ce ta mamaye manyan kamfanoni, sai Blender da ke biye.

Inda kayan aro ke gazawa

Akwai ƙasusuwan da aka riga aka ɗaura, ana saukewa daga intanet. Shafin Mixamo na Adobe yana ɗaura wa siffar mutum ƙashi cikin mintuna. Sai dai an gina waɗannan ne a kan mutum mai wando da 'yar shara. Babbar riga ba ta bin damtse. Faɗinta ya wuce hannu, mai ita kuma yana naɗe ta bisa kafaɗa, ta zame, ya sake naɗewa, kuma a wannan naɗin ake gane basarake da ɗan siyasa da ango. Dole a ba rigar ƙasusuwanta, ko a bar kwamfuta ta lissafa zubin yadin hoto bayan hoto, abin da ke cin lokaci da wuta. Haka hijabin da ya sauka har gwiwa, da amawalin rawani da ake ja a rufe baki, da zaman harɗe a kan tabarma, wanda ke sa cinya ta shige cikin ciki idan rabon fata bai yi kyau ba.

Baki ma haka. Jerin siffofin baki da manhajoji ke zuwa da su an tsara shi ne don Turanci, inda harafin f ke fita da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Bahaushe da leɓɓansa biyu yake furta shi, Basakkwace kuma sau da yawa h yake yi a wurin, ya ce tahi inda Bakano ke cewa tafi. Halittar da ke cije leɓe tana magana da Sakkwatanci za ta yi wa mai kallo wani bambaraƙwai, ko da bai iya faɗin dalili ba. Ga kuma kw da gw da ƙw masu tattara leɓe, da dogon wasali da ke bambanta ma'ana.

Kayan aiki da dabbobi su ma ana ɗaura musu ƙashi. Ƙafar amalanke tana buƙatar lissafin da zai juya ta daidai da nisan da aka tura, in ba haka ba ta yi ta ja a ƙasa. Kalangu sai an haɗa tsirkiyarsa da damtsen makaɗi, ta yadda in ya matse za ta tsuke. Butar da aka ɗauka daga ƙasa tana bin hannu, in an ajiye ta daina bi, wannan ma makunni ne da wani ya gina. Raƙumi, wanda ba baƙo ba ne a titunan Sakkwato, yana ɗaga ƙafafun gefe guda tare, shi ya sa yake rangaji. Wanda ya ɗora masa tafiyar doki da ya sauke daga intanet, kowane yaro a garin zai gane.

Magabaci a Tawa

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. 'Yan dabo na ƙasar Hausa sun daɗe suna ɓuya ƙarƙashin riga suna motsa 'yan tsana a gaban jama'a. A fim kuwa, wanda ya bi hanyar Illela ya ƙetare Birnin Ƙonni zai isa Tawa, garin da Moustapha Alassane ya zauna shekaru masu yawa. An haife shi a N'Dounga a 1942, ya fara da kanikanci, ya koyi aikin fim a Yamai tare da Jean Rouch, sannan ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki, shaguɓe ga sababbin shugabannin Afirka da ƙaunarsu ga faretin girmamawa. A Samba le grand na 1977 ya koma ga 'yan tsana, yana ɗan gusa gaɓoɓinsu yana ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya, daga baya kuma ya yi Kokoa, inda kwaɗi da wasu ƙananan dabbobi ke kokawar gargajiya. 'Yar tsanar da za ta riƙe tsayuwar kokawa ba ta faɗi ba, sai da ƙashi a cikinta. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Matasan Najeriya da suka san sunan Pixar sun fi waɗanda suka san nasa yawa nesa ba kusa ba.

A Najeriya, Adamu Waziri ya fara shirin yara na Bino and Fino a Abuja a 2010. Lady Buckit and the Motley Mopsters, dogon fim ɗin katun na farko da aka haɗa a ƙasar, ya fito a Disamba 2020. Iwájú, wanda kamfanin Kugali ya yi da Disney, ya fito a Fabrairu 2024 cikin kashi 6. Labarin na Legas ne, amma kamfanin Cinesite na ƙasashen waje ne ya yi aikin motsa zanen. Ƙirƙirar labari daban, mallakar ƙwarewar da ke ɗaga shi daban, kuma albashi mai tsoka yana bin ta biyun ne.

Kuɗi, wuta da fatawa

Farashin manhaja ya daina zama babban shinge. Blender, wadda Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya ƙirƙira, ta zama kyauta ga kowa tun 2002, tana kuma ɗauke da kayan ɗaura ƙashi mai suna Rigify. Fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, da aka yi da ita, ya ci kyautar Oscar a Maris 2025. Ɗaura ƙashi bai kai fitar da hoton ƙarshe cin ƙarfin na'ura ba, matsakaiciyar kwamfuta ta isa a koya. Abin da ya rage shi ne wutar lantarki, wadda Sakkwato ke samu ta hannun kamfanin rarrabawa na Kaduna, da zafin bazara da ke haura digiri 40 ya sa na'ura ta riƙa mutuwa, da kuma rashin wanda zai duba aikin ɗalibi ya nuna masa inda gwiwa ta karye.

A takarda, gwamnati ta san da sana'ar. An ƙaddamar da asusun iDICE na sama da dala miliyan 600 a Maris 2023 domin fasahar zamani da sana'o'in ƙirƙira, shirin 3MTT na horar da matasa miliyan 3 ya saka zane mai motsi cikin darussansa, an kuma kafa ma'aikata ta musamman da aka ba Hannatu Musawa a Agusta 2023. Tambayar da ta dace ɗan jarida ko ɗan majalisa ya yi ita ce nawa ne daga ciki ya iso Sakkwato, kuma tashoshi irin su Rima TV da NTA suna sayen shirin yara na gida ko kuwa cike gurbi suke yi da na waje. Kwas na 'yan watanni yana iya nuna wa mutum inda maɓallai suke. Ɗaura ƙashi yana buƙatar sanin ƙirar jiki, da ɗan lissafi, da rubuta umarni da yaren Python, kuma ba ya nuna sai da aikin da ake biya.

Akwai kuma batun addini, wanda ba a tsallake shi a birnin Shehu. Malamai sun yi saɓani kan zana abu mai rai: wasu sun hana, wasu sun sassauta idan don tarbiyyar yara ne, suna kafa hujja da 'yan tsanan da Nana A'isha ta yi wasa da su. Wanda zai zuba jari yana tune da 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye shirin gina dandalin fina-finai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a Kano bayan adawar malamai.

Ga matashin da ya koyi aikin, magana ta ƙarshe tana cikin takardar yarjejeniya. Fayil ɗin ƙashi shi ne halittar kanta. Wanda ke riƙe da shi zai iya ci gaba da shirin ba tare da wanda ya gina shi ba, ya kuma sayar da tallace-tallace da fuskarta. Idan ƙungiyar agaji ko ofishin gwamnati ya ba da kwangilar katun na rigakafi ko na zaɓe, ya kamata a rubuta a fili ko bidiyon kawai aka saya, ko har da fayil ɗin, kuma a kan nawa.