Abin Da Ya Kamata A Sani Game Da Launin Kwaɓin Wasan Yara

Kwaɓin wasan yara curi ne na fulawa da gishiri da ruwa da ɗan mai, wanda yara ke mulmulawa suna ƙera siffofi a gida da makarantun raino. Da yake ƙaramin yaro kan kai hannu baki, ƙa'idar ita ce: abin da ba a ci, ba a rina kwaɓin da shi.

Ana samun rawaya daga kurkum, ja daga ruwan zoɓo, kore kuma daga alayyafo ko zogale. Idan launin abinci na kanti ne, a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC. Tun shekarar 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da wasu launuka shida na masana'anta, ciki har da tatrazin, cewa suna iya shafar natsuwar yara.

Sai dai kasancewar abu na gargajiya ba ta nufin ba shi da illa. Kwalli kan ƙunshi dalma, wadda gubarta ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, kuma ko kaɗan daga cikinta na cutar da ƙwaƙwalwa. Baƙin lalle kan zo da sinadarin PPD mai sa fata ta yi bororo. Rinin tufafi da bula da fenti su ma ba su dace ba.

Gishirin kwaɓin ma haɗari ne. Yaron da ya haɗiyi mai yawa, ya fara amai ko kasala, a gaggauta kai shi asibiti.