Kaɗi da Saƙa a Ƙasar Kazaure

Tumakin ƙasar Hausa, uda da balami da 'yankasa, ba su da gashin da za a kaɗa ya zama ulu. Saboda haka suturar da aka saƙa a garuruwa irin su Achilafiya, Roni da Gwiwa ta auduga ce, kuma kafin ta je hannun masaƙi sai ta bi ta hannun mata.

Bayan an tsinko auduga da kaka, mace kan ɗora ta kan dutse ta gurje da ɗan ƙarfe har angurya ta fita. Daga nan sai shiɓa: ta riƙa tsinkar tsirkiyar ɗan baka a cikin audugar har ta tashi ta yi laushi. Sai kaɗi. Takan riƙe audugar da hagu, ta murza mazari da dama, gululun yumɓu da ke gindinsa yana ba shi nauyin juyawa, tana dangwalar alli don kada yatsu su yi santsi. Abu biyu take fitarwa: zare, siriri mai ƙarfi wanda ake wadari da shi, da abawa mai kauri wadda ƙoshiya ke ratsawa da ita. Aiki ne mai cin lokaci ƙwarai, domin sai mata da yawa sun kaɗa kafin masaƙi ɗaya ya wadata. Kuɗin zaren na mai kaɗin ne, ba na miji ba, kuma da shi uwa ke tara wa 'yarta kayan ɗaki. Ba kasafai ake ba wannan aiki haƙƙinsa ba idan ana labarin arzikin Kano.

Maza ne ke saƙa sawaye, 'yan siraran ƙyallaye da ake harhaɗawa a ɗinka riga, zane ko gwado, wasu kuma a kai su marina a tsoma a baba. A da, yankin Kazaure yana kan hanyar fatake daga Kano zuwa Daura da Damagaram, wato hanyar da tufafi ke bi su isa ga Buzaye. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300.

Turawa sun zo da burin kwashe audugar zuwa masaƙun Ingila. An kafa ƙungiyarsu ta bunƙasa noman auduga, BCGA, a 1902, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Sai dai masu kaɗi da masaƙa na gida sun fi Turawa sayen auduga da daraja, manoma kuwa da yawa suka karkata ga gyaɗa. Abin da ya karya kaɗi daga baya shi ne zaren inji da atamfa mai araha, musamman bayan buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Masaƙi ya iya komawa ga zaren kanti ya ci gaba da sana'arsa, amma mai mazari ta rasa mai saye. Mata da yawa suka koma ɗinkin hula da saƙar kwarashi, suna yi wa jarirai rigunan sanyi da safa da zaren kanti idan hunturu ya gabato. Kaɗi ya rage a hannun tsofaffi ƙalilan a ƙauyuka, kuma 'yan mata kaɗan ne ke zama su koya.