Hayaƙi Mai Tsawa da Sunan Sarauniya

A 1862 Thomas Baines, mai zane ɗan Ingila, ya isa inda kogin Zambezi ke faɗawa cikin wani tsagin dutse mai zurfin fiye da mita 100. Ya zana wurin ta fuskoki da dama, a 1865 aka buga hotunan a Landan. Akwai ɗaya da nake yawan komawa kansa: garken ɓauna a bakin ramin, can tsallake ruwa na zubowa fari fat, feshinsa ya turnuƙe sama. Zanen ya yi kyau ƙwarai. Sunan da ke ƙarƙashinsa, Victoria, shi ne ya tsaya mini a rai.

David Livingstone ne ya raɗa wa wurin sunan sarauniyar Ingila a 1855, baiwar Allah da ba ta taɓa taka ƙasar ba. Mutanen da suka kai shi a kwalekwale kuwa suna da nasu tun tuni: Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. Kalli zanen da wannan suna a bakinka, sai ka ji abin da fenti ya kasa kamawa. Baines ya iya zana hayaƙin, amma rugugin da ke girgiza ƙirji sai sunan ne ya adana shi.

Mu ma da Hausa abin bai zo da sauƙi ba. An fi cewa magangarar ruwa, alhali gangara tafiya ce a hankali, irin ta jaki a kan tudu. Ruwan Zambezi ba gangarowa yake ba, dirowa yake. Na fi son matsirga, sunan da ake kiran wadda ke kusa da Kafanchan da shi, domin akwai tsalle a cikinsa. Farin Ruwa ta jihar Nasarawa kuma launi aka duba, kamar mai zane ne ya sa sunan.

Sai kalmar daji. Masu sayen irin waɗannan hotuna a Turai sun so ganin ƙasar da babu kowa, sai dabbobi da duwatsu. Ga Bahaushe kuwa ko ƙungurmin daji yana da masu shi: maharbi ya san mashaya, makiyayi ya san burtali, mai magani ya san inda saiwa take. Wurin da aka sa wa suna, an zauna kusa da shi, an ji tsoronsa, an yi wa yara kashedi a kansa. ’Yan Tonga na yankin Zambezi ma suna da nasu sunan daban da suke kiran wurin.

Da UNESCO ta sa wurin cikin wuraren gado na duniya a 1989, sunayen biyu ta jera, na hayaƙin a gaba. A ɓangaren Zambiya gandun dajin Mosi-oa-Tunya ake ce masa, garin da ke tsallaken gada a Zimbabwe kuma har yau sunan sarauniya yake amsawa.