Zanen da bai yi kama da komai ba

Bara wani uba ya same ni a lakkwal, nan Madawa, riƙe da takardar ɗiyarsa. Na sa yara ne su tsinka fenti da ruwa, su zuba bisa takarda, su karkata ta ya gangara inda ya ga dama. Ya ce, "Mushe, mene ne wannan? Ba doki ba, ba ɗaki ba. Ɓarnar fenti dai!"

Ban ga laifinsa ba. Mu ma da muna yara, wanda ya zana raƙumi ya yi kama da raƙumi shi ne gwani.

Littattafai sukan fara tarihin zane marar siffa daga Turai, wajajen 1911, da Kandinsky ɗan Rasha. Sai 1947, lokacin da Jackson Pollock a Amurka ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasa yana ɗiga masa fentin shafen gida da sanda. Abin da na sa yara kuwa daga Zariya na aro shi. Gani Odutokun, haifaffen Gana a 1946, malamin zane a Jami'ar Ahmadu Bello, yakan tsinka fentin mai har ya zama ruwa, ya tsiyaya, ya bar shi ya malala, sannan ya duba abin da ya fito ya ɗora aiki a kai. Hatsarin mota ya ɗauke shi a 1995, amma dabarar ta zauna a hannun masu zanen Zariya irin su Jerry Buhari.

To amma mu nan, yaushe muka rasa zane marar siffa? Ku dubi tabarmar Madawa. Masu saƙa sun daɗe suna rina kaba da karan dafi don samun ja. Da galura ta shigo kasuwa, sai ga kore da shuɗi da ruwan hoda, suka dinga gwada wanne zai zauna kusa da wanne. Ba wanda ya koya musu a aji, idon mai saye ne alƙali. Haka zayyanar allo ranar saukar karatu: tawadar gawayi da ƙaro, layuka da kusurwoyi da da'ira, babu mutum babu dabba, kuma ba a taɓa jin uban da ya ce ɓarna ce ba. Daga Buza har Kaita, wanda ya sauke ya san allon nan. (Iyayen da ke tsoron darasin zane saboda hoton mai rai, ga hanya a buɗe tun kakanni.)

Abin da ke damuna, yaron da aka ce wa zanensa shirme ne ba ya sake taɓa launi, ko da uwarsa masaƙiya ce.

Na tambayi uban nan zanen me ke jikin tabarmar zaurensa. Ya yi shiru, can ya ce, "Ai wannan ado ne." Ya naɗe takardar ya sa aljihu. Bayan kwana biyu yarinyar ta ce mini an manna ta a bangon ɗakin innarta.