Barkono Baƙo Ne, Yaji Ne Ɗan Gida

Da za a tare wata dattijuwa a kasuwar Birnin Gwari a ce mata an yi zamanin da Bahaushe ke kaɗa miya ba barkono, ba shakka sai ta ɗauka ba'a ake yi mata. Alhali kuwa haka abin yake. Barkono da tattasai da attarugu duk 'yan gida ɗaya ne, kuma asalinsu ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Babu ɗayansu da ya taka ƙasar Afirka sai bayan tafiyar Kolombos ta 1492, lokacin da jiragen ruwan Turawan Fotugal suka shiga yawo da irinsu a bakin teku. Ke nan Bagauda bai san barkono ba, Yaji ɗan Tsamiya ma, wanda Wangarawa suka iske a gadon sarautar Kano a ƙarni na 14, ko ƙyallinsa bai gani ba.

Sunayen da muke kiran abin da su ma sun isa su sa mai nazarin harshe ya yi tsam. Bakano ya ce barkono, Basakkwace ya ce tonka ko tanka, Bazabarme kuwa ya ce tonko. Wanda ya je Maraɗi zai ji ana tallar tugande. Ga kuma attarugu da shambo, waɗanda kunne ke jin ƙamshin Yarbanci a jikinsu, don kuwa Yarbawa ata rodo da shombo suke cewa, sa'an nan su ma suna kiran tattasai tatashe. A ganina wannan tarin suna alama ce ta baƙon da ya shigo gari ta ƙofofi da yawa, kowace unguwa ta raɗa masa nata. Gero da dawa ba su sha irin wannan raɗin suna ba.

To, kafin zuwansa da me ake yaji? Da masoro da kimba da citta, musamman citta mai ƙwaya. Waɗannan kuwa galibinsu 'ya'yan kurmi ne, sai an yi fatauci a kudu a kawo. A nan ne ƙasar Birnin Gwari ta shigo cikin labarin. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a tsakiyar ƙarni na 15, watau hanyar ta girmi barkono a ƙasar nan. Ɗaya daga cikin rassanta, yadda aka san ta daga baya, shi ne wanda ke fitowa daga Kano ya bi ta Zazzau, ya ratsa dazuzzuka da duwatsun ƙasar Gwari da Kamuku, ya gangara Kwara, a haye a nufi Bargu. Kyaftin Clapperton ya biyo wannan reshe a 1826 daga Busa, ya sauka a tsohon garin Birnin Gwari kafin ya isa Zariya. Fatake kan gangara da kanwa da tufafi da gabu, su hauro da goro da ɗan abin da ya samu na kayan ƙamshi. Abin da ya sha kwanaki a bayan jaki, aka biya masa fito a rafi da kuɗin hanya a garuruwa, ai ba a cika hannu da shi a zuba a tukunya. Sai dai a ƙulle a tsumma, a ajiye don magani, ko don mai jego, ko don furar manya. Wannan daji da fatake ke tsoro shi ne aka keɓe wani yankinsa ya zama Gandun Dajin Kamuku a 1999, kuma shi ne 'yan bindiga suka mayar mafaka tun daga shekarun 2010, har hanyar Kaduna ta yi shekaru tana gagarar matafiya yadda ta dā ba ta gagari ayari ba.

Turawa ma masoron ne ya fara jan hankalinsu. Wajen 1486 wani Bafotuge ya kai masoron ƙasar Bini birnin Lisbon, ya yi kasuwa. Da Vasco da Gama ya isa Indiya a 1498 aka sami hanyar masoron can, sai sarkin Fotugal ya hana shigo da na Bini don kada ya karya masa farashi. Shi kuwa Kolombos masoron Indiya ya fita nema, ya ci karo da wani jan abu mai zafi, mutanensa suka laƙaba masa sunan masoro. Wannan ruɗani har yau yana nan a Turanci, kalma guda ke ɗauke da su duka biyun. Bahaushe bai ruɗe ba, masoro daban, barkono daban.

Dalilin da ya sa baƙo ya ƙwace gida a fili yake. Barkono na tsirowa a bayan ɗaki da fadama, ana shanya shi ya shekara bai lalace ba, kuma talaka ba ya jiran madugu kafin ya same shi. Masu cewa a tsarkake Hausa daga duk wani abin aro, a koma gargajiya zalla, ya kamata su fara leƙa tukunyar miyar gidansu, inda tumatir ma ɗan Amurka ne.

Amma akwai wurin da barkono bai ture kowa ba, watau cikin azancin magana. Nan kalmar yaji ce ke da sarauta. Yaji shi ne zafin da harshe ke ji, shi ne kuma garin da aka daka ake barbaɗa wa tsire, ko a kai wa mai haihuwa. Daga nan sai ya tsallaka cikin aure. Idan mace ta ji an ƙuntata mata ta kwashe 'yan kayanta ta tafi gidan iyayenta, sai a ce ta yi yaji. Masu karatu su lura, yaji ba saki ba ne. Igiyar aure na nan, tafiyar kuwa magana ce, kuma dole miji ya tashi ya yi biko, a zauna gaban manya a ji laifin kowa.

Da aikin albashi ya zo da zamanin Turawa, ma'aikata suka koyi ajiye aiki gaba ɗaya, kamar yadda na jirgin ƙasa da sauransu suka yi a 1945 a ƙarƙashin su Michael Imoudu, suka shafe fiye da kwana 40 a kan kuɗin tsadar rayuwa, sai Hausa ta buƙaci suna. Ba ta ari na Turanci ba, ta koma cikin gida ta ɗauko yajin aiki. Ni dai ban san wata fassara da ta kai wannan dacewa ba, gama ma'aikaci bai bar aikin ba, fushi ya yi, yana jiran biko. Malamanmu na jami'a, waɗanda suka yi wata 8 suna yaji a 2022, sun fi kowa sanin yadda bikon gwamnati ke jinkiri.

Shi barkono rabonsa a azanci bai taka kara ya karya ba, sai dai wanda ya samu mai zafi ne. An san ana turara shi a garwashi don horon yaro mai ƙiriniya ko korar iska, hayaƙin ya sa tari da hawaye. Saboda haka da 'yan sanda suka zo da gwangwanin hayaƙinsu mai sa kuka, nan take aka ce barkonon tsohuwa, ko da yake galibinsa haɗin sinadari ne, babu ƙwayar barkono a ciki. Ɗaliban Samaru sun shaƙe shi a 1978, suka sake shaƙa a watan Mayu na 1986, kuma duka biyun ba a tsaya a hayaƙi ba, sai da aka yi harbi aka rasa rayuka.