Nana Asma'u da 'Yan Taru: Neman Ilmi a Tsakanin Goyo da Murhu

A unguwarmu ta Bagadaza, cikin garin Gombe, akwai wata malama da nakan gani da sassafe tana jiran abin hawa, goyo a baya, jakar takardun jarrabawa a hannu, ga wani yaron yana jan gefen mayafinta. Shekara uku ke nan tana ɗage karatun digirinta na biyu. Jama'a kan ɗauka cewa boko ne ya kawo wa mata wannan tsaka mai wuya, alhali kuwa magabatanmu sun gamu da ita tun farkon Daular Usmaniyya, har suka yi mata tsari.

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Ɗegel a shekarar 1793. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, mafarin jihadin da Modibbo Buba Yero ya karɓo tutarsa ya kafa masarautar Gombe. Tana yarinya aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda daga baya ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Gidan Waziri kuwa ba ya rabo da baƙi da manzanni, har Baturen nan Clapperton a hannun Giɗaɗo ya sauka a 1824, ga maigidan da yawan tafiye-tafiye a kan al'amuran daula. A wannan gida ta haifi 'ya'yanta ta rene su, a nan kuma ta yi rubuce-rubuce wajen 60 da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Wanda ya bi shekarun da ke jikin waɗannan rubuce-rubuce zai lura da wani abu. Ta fara wallafa tun wajen 1820, amma mafi yawan ayyukanta sun fito ne daga 1837, shekarar rasuwar Bello, lokacin da ta haura shekara 40. A fahimtata, ƙuruciyarta ta tafi ne a kan karatu da reno, alƙalami bai sami cikakkiyar dama ba sai da yara suka tasa. Babu kuma wanda ya ce da ita lokaci ya wuce.

Wannan fahimta ce ta gina ƙungiyar 'Yan Taru a kanta. Matan ƙauyuka suna bukatar ilmi, amma mai jego ko mai ƙananan yara ba za ta bar gida ta yi tafiyar kwanaki zuwa Sakkwato ba. Saboda haka masu zuwa wurinta su ne 'yan mata waɗanda ba su kai aure ba, da dattijai waɗanda suka gama haihuwa. Kowace tawaga tana ƙarƙashin jaji, wadda Asma'u kan naɗa ta hanyar ɗora mata malfa da jan rawani. Sukan zo da abin da ya sawwaƙa na hatsi ko zuma ko man shanu, su haddace waƙoƙin da ke koyar da tauhidi da salla da tarihin Manzon Allah (SAW), sannan su koma su bi gida gida suna karantar da waɗanda aure da goyo suka zaunar. Waƙa kuwa ba ta bukatar allo ko fitila. Mace tana daka tana bitar darasinta.

Sai dai a nan ya kamata a yi adalci, domin na sha jin malamai maza (har da ni a wani lokaci) suna yi wa ɗalibai mata gori da Asma'u. Ita ta rayu ne a babban gida mai cike da dangi da barori masu ɗaukar yaro su hura wuta, ga miji malami wanda suke aikin rubuta tarihin Shehu da Bello tare. Malamar Bagadaza ɗaki biyu gare ta, kakar yaran tana can wani gari, ƙarin girma a wurin aikinta kuma ya rataya a kan digirin da ake so ta kammala a daidai shekarun da take haihuwa.

Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbaren Shehu. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a wazirci, kuma daga tsatsonta ne aka sami Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shekarar da Jean Boyd da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a littafi guda.