Tele: Haruffa Huɗu Masu Nufin Nesa

Duk mai koyon Turanci zai lura da wasu kalmomi da ke farawa da haruffa huɗu iri ɗaya: telephone, television, telegraph, telescope. Turanci ya aro "tele" daga harshen Girkanci, inda take nufin nesa. Saboda haka telephone muryar nesa ce, telegraph rubutun nesa, telescope kuwa madubin hangen nesa. Television ce ruwa biyu, domin rabinta na biyu daga Latin ya fito, ma'anarsa gani. Da kalmomin suka shigo bakin Bahaushe sai ya tanƙwara su: tarho, talabijin, tangaraho. Har yau ana jin dattijo yana cewa "wayar tarho", alhali jikansa "waya" kawai yake cewa, ko da abin da ke hannunsa ba shi da igiyar ƙarfe ko ɗaya.

Wani zai ce kamannin haruffa na iya yaudara, kuma yana da gaskiya: tell, wato faɗa, tsohuwar kalmar Ingilishi ce, ba ta haɗa komai da Girkanci ba. Amma wannan bai rushe hujjar ba. Ɗalibi ya riƙe tushen, sannan ya duba ƙamus kafin ya yanke hukunci.